Kafin Direba Ya Ja Igiya

Ɗana, na ji ka haɗa ribar albasar bana da abin da mahaifinka ya turo maka daga Yawuri, ka sayi jirgin fayiba da injin Yamaha ɗan Beljiyam mai ƙarfin doki 75, ka ɗauki direba, za ku riƙa dakon kaya da fasinja daga Fatakwal zuwa Bonny da Bille. Allah ya sa albarka, ya sa an fara a sa'a. Da ka shawarce ni kafin ka biya, da na ce ka ƙara shekara guda a kasuwa tukuna, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Abin da ya rage mini shi ne in ba ka abin da na tsinta a zamana a garin nan. Na daɗe ina tura buhuna da awaki ta bakin ruwa, na zauna da masu jirage da makanikansu, har na iya gane mutumin da inji zai tsufa a hannunsa da wanda nasa zai mutu da ƙuruciya.

Ba na musun ka san ruwa. A bakin Kwara aka haife ka, da 'ya'yan Sarkawa ka tashi, ka ga injuna suna kai da kawowa a tafkin Kainji tun kana yaro. Sai dai ruwan Yawuri ruwan daɗi ne. Na nan kuwa teku ce ke turo shi cikin rafuka, ya cika ya janye sau biyu tsakanin yini da dare, kuma da gishirinsa yake zuwa. Jikin injinka alminiyom ne, boltocin da suka riƙe shi kuwa wani ƙarfe ne daban. Duk inda ƙarafa iri biyu suka haɗu a cikin ruwan gishiri, ɗaya yana cin ɗaya, kuma alminiyom ɗin ne ke shan kashi. Nan da 'yan watanni za ka ga wani farin gari yana fitowa a gindin bolti. Kada ka ɗauka ƙura ce. Jikin injin ne ke narkewa a hankali, kuma ƙarshensa ɗayan biyu ne: ko boltin ya cije ya ƙi kwancewa har sai ya karye a ciki, ko zaren ramin ya cinye, ka yi ta juya sifana ba ya kamawa.

Ga gishiri, ga kuma jijjiga. Injin irin naka, idan direba ya murɗe masa wuya, yana juyawa wajen sau 5,000 a minti guda, kuma haka zai yi ta kaɗawa tun daga tashar jirage ta Nembe Waterside har ya sauke mutane. Ƙara da dukan da gindin jirgi ke sha duk lokacin da ya hau igiyar ruwa ya faɗo. Babu notin da zai sha wannan kullum bai motsa ba. Ba ya kwancewa rana ɗaya. Yau ya saki kaɗan, gobe ya ƙara, jibi ramin ya fara faɗi saboda girgiɗi, kuma duk wannan yana faruwa alhali injin yana tashi da ja ɗaya, ƙararsa garau, kowa na yaba shi.

Shi ya sa nasihata ta farko, wadda in ka manta sauran kada ka manta ta, ita ce hannunka ya riƙa taɓa injin nan da kanka. Na san halin 'yan kasuwar Mile One, ni ma cikinsu nake. Mutum zai zauna a rumfa yana jiran balas da yamma, in an tambaye shi lafiyar inji ya ce direba ya ce lafiya. Daga nan zuwa bakin ruwa ba wata tafiya ba ce. Ka yi Asuba, ka bar yaronka ya buɗe rumfa, ka je. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a kan buhun albasa haka ne, a kan noti kuwa ido bai san komai ba. Noti mai sako-sako da mai ɗauri kamanninsu ɗaya daga nesa.

Ka fara da inda injin ya rataya a katakon baya. Ƙananan injuna, masu doki 15 ko 25 ko 40, maɗauri biyu gare su da ake murɗawa da hannu. Naka ya fi ƙarfin haka, boltoci ne suka huda katakon suka fito ta ciki. Ka ɗaga ƙafar injin, ka kama ta da hannu biyu, ka girgiza hagu da dama, sama da ƙasa. In jirgin ne gaba ɗaya ya motsa, madalla. In kuwa ka ji ƙwas-ƙwas, ko ka ga injin ya motsa katakon bai motsa ba, kada a tafi ko'ina. Sa sifana a kan kowane noti. Akwai wani abu da matasa ba sa ganewa a nan: wani lokaci notin bai juya ko kaɗan ba amma ɗaurin ya saki, domin katakon ne ya lotsa. Jirgin fayiba akwai katako a cikin bayansa, kuma in ba a toshe ramukan bolti da kyau ba, ruwa na bi ta nan ya ruɓar da shi daga ciki. Alamarsa ita ce ka ga washa tana nutsewa cikin jikin jirgi, ko ruwa mai launin tsatsa yana tsiyaya daga ramin. Wannan ba aikin sifana ba ne kuma. In ka yi ta ɗaurewa, murƙushe katakon kawai kake yi. A kai wa masu gyaran fayiba. Sannan ko da komai ya ɗauru, ka sa sarƙa ko igiya mai kauri ka haɗa injin da jikin jirgi. Injuna da dama suna kwance a ƙasan rafukan nan, kuma masu su duk sun rantse cewa jiya-jiya aka ɗaure.

Daga nan sai farfela. Kafin ka kai hannu gare ta, ka tabbata giya na furi, ka cire hulunan filogi, domin inji na iya tashi da juyin hannu, kuma farfela ba ta san yatsan mai ita ba. Noti ɗaya ne ke riƙe da ita, shi kuma notin wata 'yar siririyar fil ce ke hana shi juyawa. Kuɗin fil ɗin nan bai kai na shayi da burodi ba, amma za ka ga an maye gurbinta da ƙusa ko guntun waya, ko an miƙar da tsohuwa an mayar har sai ta karye. Ka sayi da yawa ka zuba a gwangwani, duk lokacin da aka cire farfela a sa sabuwa. Kuma a riƙa cire ta lokaci-lokaci ko ba ta yi komai ba, saboda zaren masunta da tsumman raga suna naɗewa a bayanta inda ido ba ya kaiwa, su yi ta cin sil har ruwa ya samu hanyar shiga giya. A share, a shafa giris a jikin sandar, a mayar da washoshi yadda aka same su. Wajen ɗaure notin, a sa guntun katako tsakanin fiffiken farfela da jikin inji don ta tsaya, ba a riƙe ta da tafin hannu.

Yanzu bari in ja maka kunne ta ɗaya ɓangaren, don na san jinin ƙuruciya. Kada ka ji Baffa ya ce a ɗaure, ka je ka sa wa sifana bututu ka hau kai da ƙafa. Ɗaurin noti kamar ɗaurin zariya ne: in ya yi sako-sako wando ya faɗi a bainar jama'a, in ka ja da ƙarfin tsiya ta tsinke, wandon dai ya faɗi. Alminiyom ƙarfe ne mai taushi, zarensa ba ya jure zalunci. Abin da ake so da safe shi ne ka ɗora sifana ka ɗan ja ka ji ko akwai wanda ya saki, wanda ya saki ka kai shi inda 'yan'uwansa suke, wanda bai saki ba ka ƙyale shi. Kowane bolti yana da ma'aunin ɗaurinsa a littafin kamfani, kuma akwai sifana ta musamman mai yin ƙara idan an kai ma'aunin. Makaniken kirki yana da ita. Boltocin kan silinda musamman, kada ka taɓa su, kada direba ya taɓa su. Ana ɗaure su ne inji na sanyi, daga tsakiya a fita waje, bi da bi, a zagaye biyu. Wanda ya ɗaure gefe ɗaya tamau ya bar ɗaya zai lanƙwasa kan, gasket ta ƙone, ruwa ya shiga inda wuta take.

Ka sayi sifanu na kirki masu zobe, lamba 8, 10, 12, 14 da 17, su ne yawancin abin da injin Japan ke ci. Sifanar nan mai buɗewa da rufewa da filaya su ne ke mulmule kan bolti. In bolti ya ɓace ko ya lalace, kada a tsinto na mota a kasuwar Ikoku a cusa don ya shiga ramin. Na mota an yi shi ne don tudu, damina ɗaya a ruwan gishiri ya zama tsatsa. Ka nemi na silba wanda ba ya tsatsa, za ka ga an buga A4 ko 316 a kansa, kuma maganaɗisu ba ya kama shi sosai. Duk boltin da za a mayar, a ɗan shafa masa giris na ruwa a zare, sai dai wanda littafi ya ce a sa masa gam. Ranar da za a sake kwance shi za ka gode wa wanda ya shafa.

Akwai wani ɗan guntun ƙarfe mai toka-toka a ƙafar injin, sama da farfela, wani kuma a ƙarƙashin maratayi. Zink ne. An sa shi ne don gishiri ya ci shi ya bar inji. In ka ga ya rarake, aikinsa yake yi. In ya cinye rabi a canza. Kada mai fenti ya shafe shi don kwalliya, in an rufe shi da fenti ya tashi daga aiki.

Sai ruwan sanyaya inji. Da an tayar, idonka ya tafi kan fitsarin da injin ke yi ta gefe. In ya fito da ƙarfi, to. In yana ɗiga ko ya ɗauke, a kashe nan take, a ɗaga ƙafa a duba ramukan shan ruwa. Bakin ruwan Fatakwal cike yake da leda, ta fiya-wata da ta shinkafa da ta komai, kuma guda ɗaya ta isa ta toshe. Idan ruwa ya janye kuma direba ya kutsa cikin taɓo, laka ce injin ke zuƙa. Abin da ke tura ruwan wata 'yar farfelar roba ce a cikin ƙafar, ruwan da take turawa shi ne kuma ke jiƙa ta. Don haka mai tayar da inji a tudu don mai saye ya ji ƙara, ko da na rabin minti ne, ya riga ya ƙona ta. Ni a ganina a canza ta duk shekara ko ba ta nuna gajiya ba, kai kuwa da ka sayi na hannu, ba ka san abin da ta sha a hannun mai ita na farko ba, ka canza ta yanzu. 'Yan'uwanmu na Anacha ba su da matsalar gishiri, amma yashin Kwara na cin tasu robar, kowa da irin tasa jarrabawar. Wani makaniken zai ce maka a cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu da zafi. Kada ka yarda. Injin da bai kai zafinsa ba yana tara baƙin dauɗa a ciki, yana shan mai, yana kashe filogi. In da hali, ranar hutu a tsoma ƙafar injin a duro na ruwan famfo a bar shi ya yi aiki 'yan mintuna ya wanke cikinsa.

Man giya ba shi da wuyar sha'ani, shi ya sa ake mantawa da shi. Duk awa 100 na aiki ko wata shida, wanda ya riga zuwa, a zubar a sa sabo mai lamba 90. Jirgin haya yana cinye awa 100 tun kafin a je ko'ina, don haka da awa za ka yi lissafi, ba da wata ba. Ka tsaya a wurin lokacin da ake zubarwa ka ga launinsa. In ya fito fari-fari, ruwa ya shiga, sil ya mutu. In akwai ɓarɓashin ƙarfe masu kauri a kan sukurun ƙasa, haƙoran giya ne suka fara ci. Ta ramin ƙasa ake ɗura sabo har ya ɓullo ta na sama, kuma 'yan washoshin sukurun nan biyu a sa sababbi.

Maganar fetur ce za ta fi yi maka nauyi, domin nan ne aljihu ke gardama da hankali. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, kowa a bakin ruwa neman inda zai rage yake yi. Injinka ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya masa, kuma wannan man shi kaɗai ne ke tsakanin fistin da silinda. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 1 na mai cikin 50 na fetur, wato rabin lita a tankin lita 25. In an yi wa injin babban gyara aka sa sabbin zobba, a ninka man a awanni 10 na farko. Man kuma na injin ruwa ne, za ka ga an rubuta TC-W3 a jikin galan, ba na mota ba, ba kuma na ɗurin kwalba da ba a san asalinsa ba. Ka yanka roba ka yi mata alama ta zama ma'auni, kada a riƙa zubawa da ƙiyasi. Direban da ya rage mai ya sa canjin a aljihu ba za ka gane ba sai ranar da injin ya cije a tsakiyar ruwa. Haka fetur ɗin kpofire da ake dafawa a daji. Ka ga baƙar ƙurar da ta riƙa sauka a kan rufin gidaje da farin kaya a garin nan tun wajen ƙarshen 2016, wadda aka danganta da wannan dahuwa. Abin da ya yi wa sararin sama haka, me kake zaton zai yi wa kafireta? Bar ma batun cewa hukuma na kama mai ɗauke da shi. Ka sayi mai a gidan mai, a tace shi da kyalle mai tsabta, a duba kofin filta ko ruwa ya kwanta a ƙasansa, a matsa tiyo a ga ko ya tsage. Tiyo mai yoyo a jirgin da fasinja ke shan taba, ka san sauran. Gobara ta sha tashi a Nembe Waterside, kuma jarkokin mai ne ke ƙara mata ƙarfi.

Filogi kuwa shi ke ba da labarin cikin inji. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ce, baƙi mai danshi mai ya yi yawa, fari fat zafi ya yi yawa, kuma wannan na ƙarshen ya fi haɗari. Da yatsu ake fara ɗaura shi har ya zauna, sannan a ƙara kwata ko rabin juyi da sifana.

Za ka ce Baffa ya cika tsanani a kan ƙarfe. To ka tuna motar da ta mutu a titin Ikwerre, fasinja sauka suke yi su tsaya a gefe suna tsaki. Jirgin da injinsa ya mutu a kogin Bonny ba shi da gefe. Ruwa na tafiya da shi, ga manyan jiragen da ke shiga tashar Onne da masu ɗaukar gas, waɗanda ba sa iya tsayawa don kai ko da sun gan ka, ga dare na zuwa, rafukan nan kuma ka san ba kowa ke yawo a cikinsu da alheri ba. A watan Oktoban 2022, lokacin babbar ambaliya, jirgi ya kife a Ogbaru kusa da Anacha, aka ba da sanarwar mutuwar mutum 76, kuma rahotannin lokacin sun ce injin ne ya tsaya ruwa ya ja jirgin ya maka shi da gada. Haɗurran jiragen namu na gida ma ba mu manta ba, Wara a Kebbi da Bagwai a Kano, duka a 2021, inda aka fi kuka da yawan lodi. Lodin da ya wuce kima, ko bai kifar da jirgi ba, yana sa inji nishi, yana tsufar da shi. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta ce kowa ya sa rigar ruwa. Ka bi, ko ana dubawa ko ba a dubawa. Rayukan da ke cikin jirgin nan amana ce a wuyan mai jirgi, ba a wuyan direba kaɗai ba.

Shi direban, ka riƙe shi da mutunci. Mutanen Kalabari da Okrika da Bonny a kan ruwan nan aka haife su, sun san inda yashi yake da lokacin da ruwa zai juya, abin da ni da kai ba za mu sani ba ko za mu shekara nawa. Kada ka je kana koya masa tuƙi. Amma ka gane cewa in ka yanka masa balas mai tsauri, kai da kanka ka hana shi tsayawa gyara, domin duk awar da jirgi ya yi a ɗaure daga abincin 'ya'yansa aka cire. Ka ware rana guda a wata ta gyara, ka yafe masa balas ɗin ranar, ka ba shi na cefane. In ya zo ya ce yana jin wata ƙara da bai saba ji ba, kada ka haɗe rai kamar ya zo cutarka, in ka yi haka sau biyu ba zai sake faɗa maka ba. Daga kuɗin kowace rana ka fara cire na inji ka ajiye daban kafin ka kira sauran riba. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da aka canza man giya da filogi da robar famfo, domin kai da direba da makanike duk za ku manta, kowa kuma zai rantse a kan tasa ranar.

A cikin jirgin kada a rasa akwati mai murfi da filogi na ajiya, da igiyar tayarwa, da fil, da farfela ko tsohuwa ce, da sifanu, da tocila. Filafilai biyu da anga su ma dole ne. Igiyar nan ja mai kashe inji in direba ya faɗa ruwa, a hannunsa ake son ta, ba a naɗe a jikin sitiyari ba.

In kuma Allah ya ƙaddara injin ya faɗa ruwa aka ciro shi, kada a jingine shi a ce sai gobe. Da iska ta taɓa shi tsatsa ta fara aiki a ciki. A wanke shi da ruwan daɗi nan take, a cire filogi a juye ruwan da ke silinda, a zuba mai, a kai wa makanike a ranar ko da dare ya yi.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ka biyo ta rumfata da sifanun da ka saya in gani. Daga nan mu wuce bakin ruwa, in haɗa ka da wani dattijon makanike da na daɗe da sani, ya zubar da man giyar nan a gabanka mu ga abin da aka sayar maka.